Gurbin Yara Ɗari Biyu

Ranar Litinin da safe, a shekarar 1978, Malama Magdalene, shugabar wata firamare a Rikoto, cikin Zuru, ta tarar an ɓalle kabad ɗin ofishinta. Agogon makaranta na nan, rediyo na nan. Abin da ya ɓace shi ne takardar sakamakon jarrabawar shiga sakandare, doguwar nan mai huji-huji a gefe, wadda kwamfuta ta buga a Kaduna.

Sajan Kefas, ɗan sanda, ya iso ya same ta ido jajur.

"Sajan, takardar nan ita ce shaidata," ta ce. "Yara ɗari biyu da goma sha biyu suka zauna jarrabawa a nan. Goma sha biyu babu sunansu. Leah, wadda ba ta taɓa yin ta biyu a aji ba, an ba ta sifili. Yau zan kai ƙara Sakkwato. Yanzu iyaye na cewa na sayar da guraben 'ya'yansu na ɓoye takarda. In ba ta fito ba, aikina ya tafi, yaran kuma sun rasa makaranta."

Sajan ya fara da mai gadi, Maharazu.

"Jiya ina kake?"

"Ina nan, Sajan, sai da hantsi ni tai kasuwa. Mi za ni yi da takarda? Ko baƙi ban sani ba. In sata ni ka yi, ai rediyo ni ka ɗauka."

Gaskiyarsa. An yi ɓarnar ke nan da hantsin Lahadi, lokacin da Rikoto duk tana coci.

Na biyu Chukwudi ne mai shagon kwanuka, wanda ɗansa, da ba ya iya rubuta sunansa daidai, ya tashi da maki casa'in da tara.

"Ni in sace?" in ji Chukwudi. "Oga, takarda da ya ce yarona yana da kai? In na samu, gilashi zan saka masa!"

Mutum arba'in kuma sun gan shi a coci yana raira waƙa ba daɗi.

Sajan ya koma gida cin abinci, ransa a jagule. A murhun mahaifiyarsu ya ga wani siririn gefen takarda da wuta ba ta cinye ba, mai huji a jere. Sai ya tuna. Ƙanensa Dawuda, wanda Sajan ya yi wa hidimar karatu, wanda ba ya gajiya da cika baki da shi a caji ofis, shi ke rubuta wa kwamfutar nan umarni. Ya zo hutu ran Juma'a. Da ya ji adadin yaran da suka zauna jarrabawa, sai ya ajiye lomar tuwonsa. Ran Lahadi kuma ya ce ciwon kai ya hana shi zuwa coci. Kunya ta rufe Sajan tun kafin ya buɗe baki.

Ya kira shi bayan rumbu, ya nuna masa guntun takardar.

"Me ya kai ka?"

Dawuda ya sunkuyar da kai. "Yaya, kwamfuta ba ta ɗaukar kaya sai ka keɓe mata wuri a ƙwaƙwalwarta. Na keɓe wa kowace cibiya gurbin sunaye ɗari biyu. A maƙwabcin wurin na ajiye maki."

"To?"

"Da sunan yaro na ɗari biyu da ɗaya ya zo, ba ta ce wuri ya cika ba. Ta ci gaba da zubawa, kamar ka cika ɓangaren dawa a rumbu ya malala cikin na gero. Sunayen goma sha biyun suka hau kan makin yaran farko. Shi ne ta buga wa wani sifili, wani casa'in da tara."

"Ba ta yi gargaɗi ba?"

"In an wuce iyaka, babu wanda ya san abin da za ta yi. Wata rana ta tsaya, wata rana ta buga shirme ta yi shiru. Da na gwada da yara hamsin, lafiya lau."

"Wa ya ce maka ɗari biyu?"

"Ni na yanke." Muryarsa ta yi ƙasa. "Na ce Zuru ce, ina za ta samo yara fiye da haka? Na manta sojojin da aka sallama sun dawo gida da 'ya'yansu."

Wannan ya fi satar yi wa Sajan ciwo. Ɗan Rikoto, ya je birni ya raina garinsu.

"Shi ne ka ƙona shaidar matar da ta koya maka karatu, ka bar ta da sunan ɓarauniya?"

"Na ji tsoron kora. Amma katunan asali da aka huda wa kwamfuta da sunaye da makin yaran suna nan a Kaduna. In na faɗaɗa gurbin, sakamakon gaskiya zai fito."

"Zai fito. Sa takalminka."

Ya bi da shi ta makaranta, inda iyaye suka yi cincirindo, ya sa shi ya maimaita komai da bakinsa. Malama Magdalene ta kawar da kai tana share hawaye.

A caji ofis, kurtun da ke kan tebur ya buɗe littafi, ya rubuta Dawuda, ya ɗago.

"Sunan uba?"

Dawuda ya juya ya dubi yayansa. Sajan Kefas ya cire hularsa.

"Rubuta irin nawa," ya ce.