Mai Lamba Arba'in da Bakwai

Aikina a ofishin bincike shi ne in goge sunayen masu raunin laka daga rajista, in sa wa kowa lamba, don kada a gane su. Ranar aka bar ni ni kaɗai da tulin fayil har bayan magariba. Kwamfuta sai ɗaukewa take, ƙafafuna na zogi saboda hawan matakala.

Sai na ji ƙugin keken guragu a bakin ƙofa. Wani dattijo ne, bargo a cinyarsa, yana warin man zafi.

"'Yata, mayar mini da sunana."

"Baba, an tashi. Kuma doka ce, ko likita ba na nuna wa."

"Ni ne arba'in da bakwai. Tun da kika goge sunana ake ta kirana, na kasa amsawa."

"Haba Baba! Sirrinka fa nake karewa!"

Na ja tsaki na koma kan aikina. Sai hannuna ya tsaya cak. Ba a taɓa gaya wa majinyaci lambarsa ba. Kuma a hawa na huɗu muke, wata biyu ke nan lif ɗinmu mai hawa da mutane sama a lalace.