Ƙugiyar Gidan Duboc

"Ba zan karɓa ba, Baba."

Cokalin da ke hannun Oriane ya suɓuce ya faɗa cikin faranti.

Ta dubi Meziane, saurayin da ta daɗe tana yaƙi da gidansu a kansa, ta ga ya sa yatsu ya tura ƙugiyar a hankali a kan tebur, har ta koma gaban mahaifinta.

Ƙugiya ce ta ƙarfe mai mariƙin katako, wanda gumin maza ya mayar da shi baƙi ƙirin. Da ita kakan mahaifinta ya ja buhunan gahawa da dilolin auduga a tashar jiragen ruwa ta Le Havre, kuma daga cikin ɓaraguzai aka tono ta bayan ruwan bama-baman yaƙi na Satumbar 1944. Tun zuwan kwantena babu mai aiki da irinta, amma darajarta tana nan. A wurin 'yan dakon tasha aiki gado ne, uba ke tsaya wa ɗansa a ba shi katin shiga. Mahaifinta Thierry Duboc bai haifi namiji ba. Miƙa ƙugiyar nan a cin abincin ranar Lahadi yana nufin ya sauko, ya karɓi Meziane a matsayin ɗa.

"Me ka ce, yaro?" in ji Thierry.

"Na gode da karamci. Amma ina son aikina na tuƙin jirgin ƙasan cikin gari."

"Mezi..." Oriane ta kira shi. "Masoyina, ka san kuwa abin da kake yi?"

Bai dube ta ba.

Dimitri Quesnel, wanda ya tashi maraya a hannun Thierry har ya zama na hannun damansa a tasha, ya ajiye kofin giyar tuffa yana girgiza kai. Sau biyu ya nemi auren Oriane tana ƙi, amma kujerarsa ta Lahadi ba ta taɓa zama babu kowa ba.

"Laifina ne, Kawu," ya ce. "Ni na yi ta matsa maka ka ba shi. Ashe hannun malam ya fi ƙarfin datti."

Thierry ya miƙe, fuskarsa ta yi ja.

"Maza nawa ne a garin nan za su durƙusa don wannan ƙarfen? Kullum a talabijin ana cewa ku baƙi, ku ne masu cika mana unguwanni da hodar iblis, ina toshe kunnena saboda 'yata. An ba ku halal kun raina, don kun saba da kuɗin da ba a yi wa gumi ba!"

"Thierry, ya isa!" in ji matarsa.

Meziane ya tashi ya ɗauki rigar sanyinsa.

"Baba, a 1953 kakana ya tsallako teku daga tsaunukan Kabiliya. Yana cikin waɗanda suka kwaɓa simintin unguwar nan. A asibitin da aka haifi Oriane aka haife ni. Ban san wace ƙasa kake so in koma ba."

Ya fita.

Oriane ta bi shi a guje, ta cim masa a ƙasan bene.

"Tsaya! Ka gaya mini dalili!"

"Ba ni da shi."

"Ka san kukan da na sha kafin ya yarda ka zauna a teburin nan? Mama har ta daina sa naman alade a girkinta saboda kai!"

"Na sani, zuciyata."

"Kada ka ƙara kirana haka!"

Ta zare zoben baiko ta cusa masa a aljihu, ta juya tana kuka.

A kwanakin da suka biyo baya, Oriane ta riƙa tsayuwa a rumfar kifin gwaggonta kamar wadda aka zare wa laka. Dimitri kuwa kullum sai ya biyo, wai sayen jatan lande.

"Na jiki dai na jiki ne, ƙanwata," yake cewa. "Baƙo, ko ya shekara ɗari..."

Ita ko kallo bai ishe ta ba.

Da abin ya ci tura, wata ranar ruwan sama ta shiga jirgin da Meziane ke tuƙawa, ta zauna a can baya. Ba ta sauka ba har ƙarshen layi, a bakin teku, inda fasinjoji suka watse. Ya fito daga ɗakin direba, ya rame, idanunsa sun faɗa.

"Malama, nan ne ƙarshe. Ko tikitin naki na zagaye duniya ne?"

"Ba wasa ya kawo ni ba."

"Tun daga tashar farko na ji warin kifi, na san 'yar kifina ta shigo."

Dariya ta so kuɓuce mata, sai hawaye ya riga ta.

"Mezi, ko ka gaya mini gaskiya, ko in kwana a kujerar nan."

Ya daɗe yana kallon ruwan da ke dukan gilashi. Sannan ya zauna kusa da ita.

"Wani mutum ya taɓa yin abin da kika yi yau. Ya zauna har ƙarshen layi. Ban san shi ba, amma shi ya san ki. Ya faɗa mini lokacin da kike buɗe rumfa, da hanyar da kike bi, har da koren gyalen da kike ɗaurawa a wuya."

Oriane ta kai hannu wuyanta.

"Ya ce surukina zai ba ni ƙugiya, in karɓa. Idan katin shiga ya fito, aikina kaɗan ne, in matsar da kwantenar ayaba ɗaya zuwa inda za a gaya mini. Ya ce ai sunana ya dace da aikin. Ranar da asiri ya tonu, wa zai yi mamaki don an kama Meziane?"

"Wayyo Allah..."

"Muddin ba ni da kati, ba ni da amfani a wurinsu, ke ma haka. Shi ya sa na ƙi a gaban kowa, don labari ya kai musu cewa an kore ni."

Ta ƙanƙame hannunsa. Sai kuma ta sake shi, ta zuba masa ido.

"Yaushe mutumin ya zo?"

"Tun kafin bikin Ista."

"Kafin Ista ko Mama ba ta san Baba zai sauko ba! Mutum ɗaya ne ya sani, wanda ya yi ta matsa masa..."

"Kada ki kira sunan," ya katse ta. "Na riga na kai maganar inda ya dace, a asirce. Sun ce in yi shiru, suna bin sawu. Oriane, ki rantse ba za ki gaya wa mahaifinki ba."

"Yana zaginka a gaban mutane, Mezi!"

"Bar shi ya zage ni. Zagi ba ya kisa. Rantse mini, hasken idona."

Ta rantse. Ya ciro zoben daga aljihun ƙirjinsa ya mayar mata a yatsa.

Ta riƙe alkawarin iyakar ƙarfinta. Amma wata Lahadi, ana tsakiyar cin abinci, aka nuno a labarai an kama hodar iblis a cikin ayaba, masu muhawara suna ta ɗaga murya a kan baƙi da rufe iyakoki. Dimitri bai zo ba ranar. Thierry ya nuna talabijin da wuƙar burodi.

"Ga dangin angonki nan. Allah ya tsare ni, da na shigar da ɓarawo tasha da hannuna."

Abin da ke cinta ya fashe.

"Ɓarawon yana cin abinci a teburinka tun yana yaro, Baba!"

Ta zayyana masa kome, tana kuka.

Thierry ya ture farantinsa ya miƙe. Oriane ta durƙusa a gabansa.

"Don Allah kada ka yi wa kowa maganar. Hukuma tana kan aikin."

"Hukuma?" Ya dube ta kamar ta yi saɓo. "Tun zamanin kakana, ɗan dako bai taɓa kai ɗan'uwansa gaban ɗan sanda ba. Abin tasha a tasha ake gyara shi. Ni na raini Dimitri. Zan dubi idonsa in tambaye shi."

"Baba, za ka kashe shi!"

"Dimitri? Mari kawai zai sha."

"Ba Dimitri nake nufi ba..."

Bai saurare ta ba. Washegari ya ja Dimitri gefe a tasha, ya tambaye shi gaba da gaba, kamar yadda maza ke yi. Dimitri ya yi kuka, ya rantse da kabarin mahaifinsa, Thierry ya dawo gida rabin zuciyarsa ta yarda.

Oriane ta kira Meziane ta gaya masa abin da ta aikata.

"Ka gudu yau! Ka tafi Lyon wurin yayarka!"

"In bar Inna ita kaɗai? Jibi nake hutu, zan kai ta can da kaina."

"Ka yafe mini, Mezi..."

"Mutuncina kika kare, 'yar kifina. Me zan yafe?"

Bai kai jibin ba.

Da safe, yana fitowa daga gidan burodi a unguwarsu, wasu mutum biyu a kan babur suka tsaya a gabansa suka buɗe masa wuta. Burodin da ya saya wa mahaifiyarsa yana hannunsa lokacin da ya faɗi.

Kafin azahar masu muhawara sun samu abin faɗa. Rikicin 'yan ƙwaya ne, in ji su, 'ya'yan baƙi suna kashe junansu. Oriane tana zaune a ƙasa a falo, ko kuka ta kasa. Thierry ya tsaya a gaban talabijin ya ji an kira sunan yaron tare da kalmar da shi kansa ya sha faɗa.

Ya kashe akwatin, ya sa hularsa.

"Ina za ka?" matarsa ta tambaya.

"Inda babu wani Duboc da ya taɓa zuwa."

Da bakinsa ya ba 'yan sanda sunan Dimitri Quesnel.

Ranar jana'iza aka kai Meziane sashen Musulmi na maƙabarta. Daga kan tudun ana hango tasha, kuma a karo na farko a rayuwarta Oriane ta ga manyan injinan ɗaga kaya sun tsaya cik da rana tsaka. Thierry ne ya roƙi abokan aikinsa, waɗansunsu ba sa ko gaishe shi yanzu, su ajiye aiki kamar yadda ake yi idan ɗan dako ya mutu. Jiragen ruwa suka saki ƙaho mai tsawo.

Bayan maza sun watse, mahaifiyar Meziane ta matso bakin kabarin, Oriane na riƙe da ita. Thierry ya zo a sunkuye, ya buɗe rigarsa ya fito da ƙugiyar.

"Baiwar Allah," ya ce wa tsohuwar, "ki ba ni izini in ajiye masa wannan. Ɗana ne. Na makara, amma ɗana ne."

Tsohuwar ba ta san ma'anar ƙarfen ba. Ta dubi Oriane.

Oriane ta riƙe hannun mahaifinta, ta mayar da ƙugiyar a hankali har ta taɓa ƙirjinsa.

"A'a, Baba. Ya ƙi ta yana da rai, saboda ni. Kada ka ɗora masa ita yanzu da ba shi da bakin ƙi."

Thierry ya tsaya da ƙarfen a ƙirji, yana hawaye.

Ita kuwa ta kwance koren gyalenta ta yafa wa tsohuwar saboda sanyi, ta kama ta suka gangara tare, ƙahon jiragen bai daina ba.