'Yar Tsana Mai Koren Kwat

Magariba ta kawo jiki a lungun mahauta da ke tsohon birnin Xi'an. Guilan ta sauke tukunyar romon rago ta ƙarshe, tana kankare bakin murhu, sai ta ji wani abu ya faɗo kan rufin gida. Ta ɗaga kai. Na biyu ya biyo baya, ya gangaro a hankali, ya dire a tsakar gida daidai ƙafarta. Ta sunkuya ta ɗauka, ta ga ashe guntun tangaran ne, fari sol, da ɗan ja-ja a gefe irin na kumatu. Ta gane shi. Ta cusa shi a aljihu, ta waiga ko wani ya gani.

Shekara takwas ke nan da rasuwar mijinta, ita kaɗai ke riƙe da shagon romo da gurasa da ya bari, ita da 'yarta tilo, Shuyan. Sai dai Shuyan ba ta taɓa son shagon ba. Aikinta a wani katafaren kanti yake, can sabon gari, inda ake sayar da suturar manyan teloli na Turai. Da ta taɓa ƙyalle za ta faɗa maka gidan da ya ɗinka shi. Idan ta dawo gida kuwa, ɗakinta na sama take wucewa, wurin 'yan tsananta na tangaran guda goma sha bakwai da ke jere cikin kabad mai gilashi. Duk rigar da ta burge ta a kanti, sai ta zauna da allura ta ɗinka wa ɗayarsu ƙaramar irinta, har da maɓallai. Tana ɗinki tana yi musu hira, tana dariya, Guilan na jiyo ta daga ƙasa, hannuwanta cikin ruwan maiƙo.

Mako uku kafin wannan magaribar, Shuyan ta gayyato wata abokiyar aikinta ta ga 'yan tsanan. Kafin baƙuwar ta iso ta leƙo madafa, ta yi ƙasa da murya.

"Mama, don Allah kada ki hawo da shayi, ni zan zo in ɗauka. Kayanki na warin rago."

Washegari da almuru, kafin yarinyar ta dawo, Guilan ta hau sama ta ɗauko 'yar tsanar da Shuyan ta fi ƙauna, mai koren kwat, ta fita bayan gida ta maka ta da bango a bakin kwata, ba ko bisimilla. Ta share ɓaraguzan ta zubar. Da Shuyan ta zo tana kuka tana nema, sai ta ce mata ai taga ta bari a buɗe, wataƙila yaran unguwa ne.

Daga ranar da guntun ya faɗo, kowace magariba sai an yi jifa. Ladan na ɗaga murya, rufi na amsawa. Maƙwabta suka hau suka duba, ba kowa. Daga baya aka fara jin kuka a ɗakin sama, siriri kamar na jariri mai ciwo, alhali Shuyan na wurin aiki. Ita kuma ta rage cin abinci. Ta daina dariya. Ran nan aka dawo da ita daga kanti a mota, wai ta tsaya gaban madubi ta kama yayyaga rigar jikinta, tana magana da muryar da ba tata ba.

An kai ta asibiti, an yi hoton kai, an ce lafiya lau. Ta kwana huɗu zaune gaban kabad ɗin, ido a buɗe, tana jijjiga hannuwanta kamar mai lallashin goyo.

Inna Sai, matar mahaucin da ke maƙwabtaka da su, ita ce ta gaji.

"Guilan, ke jira kike ta mutu? Tun yaushe nake ce miki gumakan nan ba sa kwana gida ɗaya da mala'iku? Ki kira Ahun Bai."

Ahun Bai tsohon limamin masallacin unguwar ne, ya daina jan salla saboda ciwon gwiwa, amma an san shi da wannan aiki. Ya zo bayan la'asar, ya hau matakalar da ƙyar, ya zauna kan kujera nesa kaɗan da yarinyar. Ya sa Inna Sai ta riƙe kafaɗunta. Ya fara karatu a hankali, ba ya sauri, ba ya ɗaga murya. Hasken taga ya yi ta raguwa. Guilan na tsaye jikin ƙofa.

Can sai gilashin kabad ya fara rawa. Shuyan ta juyo da kanta, ta yi wata dariya mai kaushi, ta tsohuwar mace.

"Ya isa, tsoho. Ƙona ni kake yi."

"Wace ce ke?"

"Na riga kakanka zama a lungun nan."

"Me yarinyar nan ta yi miki?"

"Ita? Alheri. 'Yata ƙarama ta ga 'yar tsana, ƙaramin gida mai kyau, cikinsa fanko, ta shige. Yarinyar nan na taje mata gashi, tana ɗinka mata sutura. Tunda muke, babu ɗan Adam da ya taɓa yi mana haka." Muryar ta karye. "Sai aka ɗauke ta tana barci aka buga da bango. Kwana tara tana kuka kafin ta cika. An raba ni da 'ya, na karɓi 'ya."

"Ba huruminki ba ne," in ji Ahun Bai. "Wanda ya yi bai san da ku a ciki ba. Ki ji tsoron Allah ki fita, ko in ci gaba."

Ya ci gaba. Jikin Shuyan ya sandare, ta yi ƙara har Inna Sai ta kusa sakinta.

"Tsaya! Zan fita. Amma da sharaɗi biyu. Sauran gidajen nan, dangina na ciki, a kai mana su bakin kogi, bayan gari. Na biyu, wanda ya fasa ya faɗa da bakinsa. Yanzu. Yarinyar tana nan a ƙarƙashina, tana ji."

Ahun Bai bai waiga ba. Guilan ta dubi wuyan 'yarta da ya rame, ta dubi farcenta da suka kakkarye.

"Ni ce," ta ce.

"Ƙara faɗa," in ji muryar. "Don me?"

"Ni na fasa ta. Don 'yata tana taje wa tangaran gashi, ni kuwa ko hannuna ba ta iya riƙewa. Da warin nan na raine ta."

Hawaye ya gangaro daga idon Shuyan, Guilan ba ta san ko na wace ce ba a cikin su biyun. Ahun Bai ya sa aljanar ta yi rantsuwa ba za ta dawo ba. Yarinyar ta yi atishawa sau uku, ta sulale jikin Inna Sai. A daren aka zuba 'yan tsanan goma sha shida cikin kwali, da rigunansu, mijin Inna Sai ya kai su bakin kogi.

Jifa ya tsaya. Shuyan ta warke, ta ci abinci, ta yi ƙiba. Kantin ba su mayar da ita ba, ita ma ba ta nemi wani ba. Ta tattara suturarta mai tsada ta rabar, ta ɗaura gyale, ta sauko shago. Tun asuba take kan tukunya. Ba ta taɓa tayar da maganar ba, ba ta taɓa ɗaga wa uwarta murya ba. Komai aka ce, sai ta ce, "To, Mama."

Matan unguwa suka yi ta taya Guilan murna. "Kin dace," suke cewa, "yarinya ta yi hankali." Guilan sai ta yi murmushi, ta shige madafa.

Da sanyi ya shigo, wata ranar Juma'a ta yi wanka sau biyu, ta sa rigar da ba ta taɓa shiga madafa da ita ba, ta hau jirgin ƙarƙashin ƙasa zuwa sabon gari. Ta sha yawo kafin ta samu shagon 'yan tsana. Mai sayarwar ta dube ta sama da ƙasa kafin ta buɗe mata gilashi. Ta zaɓi wata mai baƙin gashi, ta rungumo kwalin har gida, tana karanta duk addu'ar da ta sani a kansa.

Ta tarar da Shuyan zaune bayan kantar shago, tana gutsuttsura gurasa cikin kwano. Ta ajiye kwalin a gabanta ta buɗe.

Shuyan ta duba. Ta daɗe tana dubawa.

"Ta wa ce?"

"Taki ce. Na ce ko za ki ɗinka mata wani abu."

Shuyan ta goge hannunta a jikin zane, ta mayar da murfin kwalin a hankali, ta tura shi gefe.

"Ki mayar musu, Mama, tun ba ta ɗauki wari ba."

Wani ya ƙwala kira daga waje yana neman ƙarin romo. Shuyan ta tashi ta ɗauki ludayi.