Ƙasar da Saude Ta Ci

Magariba ta kawo kai, Saude na dama kunu, sai aka jefi tagarsu da curin laka. A hawa na tara suke, a wani lungu bayan titin Huanshi Lu, inda hannun mutum ba zai kai ba.

Mijinta Ma'azu ɗalibin ilimin ƙasa ne. Shekara biyu yana zirga-zirga zuwa wata fadama a bakin teku, wadda ake farfaɗowa bayan an rushe tafkunan kiwon kifi. Sai ya kafa bututu, ya zaro laka, ya sa lamba, ya zana taswirar inda yashi ya kwanta da inda taɓo ya taru. Bututun kuwa ya jera su a baranda. Mutum ne mai auna komai, amma bai auna kwaɗayin mai cikin wata bakwai ba. A garin da ko'ina siminti ne, Saude ta buɗe ɗaya, kullum tana gutsurar lakar tana ci.

Kwana shida ana jifa. Ba wanda ya yi ihu, tsoron ma ya bi jikinsu ya kwanta. Saude ta daina magana, ɗan cikinta ya daina motsi.

Ma'azu ya ɗauko Malam Tankari, wani dattijon Maradi da ya zo sarin kaya. Malam ya yi ta karatu har Saude ta ɗago kai, muryar wata tsohuwa ta fito daga bakinta.

"Kun haƙe inda na kwantar da ɗana."

"Baiwar Allah, rashin sani ne," in ji malam. "Me kike so?"

"A mayar da kowace ƙasa raminta."

"Na yarda," in ji Ma'azu. "Na san ramin kowacce." Aikin shekara biyu ke nan ya tafi, bai ji komai a ransa ba.

"Saura wadda matarka ta ci. Ta zama naman yaron, shi zan ɗauka."

Malam ya ce, "Ba ki isa ba. Rai na Allah ne."

Muryar tsohuwar ta sassauta.

"To, ya rayu, ya tsufa in ya ga dama. Ba na gaggawa. Amma ran da ya mutu, a kawo mini shi."

Malam ya dubi Ma'azu. Ma'azu ya dubi cikin matarsa, ya gyaɗa kai.

Saude ta yi atishawa ta sulale. Can ta lalubo hannun mijinta ta ɗora a cikinta. "Ka ji shi? Ya motsa."

Da safe, kafin ya kwashi bututun, Ma'azu ya shimfiɗa taswirar, ya zagaye ramin lakar da Saude ta ci da jan biro, ya naɗe ta ya ajiye. Yaron ko suna bai samu ba, amma ya riga ya sami kabari.