Tsiron da Ba a Gaishe Shi Ba

Ƙarfe bakwai na safe daidai na'urar da ake kira Mai-Goyo ta fito da ranarta. Fitilun da ke rufin ɗakin reno suka fara da ja-ja, suka washe a hankali har suka tsaya a fari. Siraran bututu suka ɗiga wa kowane tsiro ruwansa, ba ƙari ba ragi. Wani hannun ƙarfe ya bi layi yana haska ganye ɗaya bayan ɗaya, bai taɓa ko guda ba. A allon bango komai kore ne: zafi daidai, danshi daidai, abinci daidai. Barira Tanimu, ma'aikaciyar ofishin gidan, tana tsaye bayan gilashi tana kallon tsirrai ɗari uku da na'ura ta rantse lafiyarsu ƙalau, ita kuwa da idonta tana ganin sun kama hanyar da na gabansu suka bi.

Gara a faɗi gaskiya tun da wuri, wiwi ake shukawa a hawa na tara ƙarƙashin Birnin Inuwa. Ba irin wanda ke juya wa mutum kai ba. Wannan iri ne da masana suka tace shi shekara da shekaru har ya daina bugarwa, ake kiransa ɗan-sanyi, kuma daga shi ake tatsar man da ke kwantar da farfaɗiya. Hukuma ce da kanta take nomansa. Tun da rana ta kori mutane suka shige ƙarƙashin rufin gilashi, babu abin da ke tsira a waje sai duwatsu, don haka kowane ganye a ɗaki ake renonsa kamar jariri.

Mai-Goyo ta zo ne wata bakwai da suka wuce, da kiɗa da jawabai. Abin alfaharinta iska. A da, fankoki da shigar mutane suna yawo da ƙwayar fumfuna, tana kashe kashi ɗaya cikin uku na tsirrai. Sai Injiniya Sallau Ɗantani ya ƙera bango mai numfashi, wanda iska ke tsattsafowa ta cikinsa ba tare da ta kaɗa ko gashin ido ba. Aka rufe ƙofa, aka mayar da ma'aikata bayan gilashi, fumfuna ta ɓace ɓat. Birane goma sha ɗaya suka yi rububin sayen irin na'urar, kowa yana tsoron kada a bar shi a baya.

Daga nan tsirrai suka fara faɗuwa. Kwana biyar da fitowa sai su miƙe zalalo, sirara kamar zaren ɗinki. Daga kwana na takwas su fara sunkuyar da kai. A na sha ɗaya ka tarar da su kwance reras, ganyensu kore shar, ba cuta ba ƙwari. Sau shida aka shuka, sau shida suka kwanta. Wannan na bakwai shi ne ƙarshen irin da ke rumbu, kuma yau kwanansa takwas.

Sallau ya shigo da kofin shayin da ya huce tun ɗazu. Mutumin da a da ba a iya tsayar da bakinsa, yanzu ko gaisuwa da ƙyar yake kai ta ƙarshe.

"Malama Barira, yaya suka kwana?"

"Yadda na jiya suka kwana, Injiniya. Dubi na layin tsakiya, sun fara ruku'u."

"Na sauko da fitilu, na ɗaga su. Na rage ruwa har na ji tsoro. Na sa na'ura ta sake ƙasar, ta tono saiwa na duba, fara tas." Ya ajiye kofin. "Na buga wa sauran biranen, kowa kuka yake. Wallahi da zan ga ja guda ɗaya a allon nan da na yi sadaka, ko ba komai na san inda zan kama."

Barira ba ta tausaya masa ba, don tausayinta duka yana gida. 'Yarta Zinatu, mai shekara tara, tana da farfaɗiya tun tana goye. Idan babu man ɗan-sanyi takan faɗi sau goma a yini, ta tashi ba ta san sunan uwarta ba. Da man kuwa yarinya ce kamar kowa, mai surutu da rashin ji. Asibiti ya daina bayarwa tun watan jiya. Kwalbar da ke kan kantar Barira ita ce ta ƙarshe, kuma abin da ya rage a ciki bai wuce na kwana goma sha biyu ba.

"Injiniya, wai na'urar nan wa ya koya mata reno?"

"Littattafan gidan nan. Rubutun shekara hamsin na ɗura mata, babu shafin da na tsallake."

"Su wa suka rubuta?"

Ya yafito ta. Suka jawo tsofaffin shafukan a allo. Lambobi ne zalla, layi bayan layi, kuma a gurbin sa hannu babu suna ko ɗaya, sai ɗan zane kamar kaza ta taka. Barira ta gane dalili nan take, domin ita ma maƙwabtanta sun ɗauka a ofishin ruwa take aiki. Wace mace ce za ta rubuta sunan ubanta a littafin wiwi?

Akwai wata tsohuwa da ta tuna, Inna Marka, wadda ta bar aiki a satin da aka kawo Mai-Goyo. Barira ta ja gyalenta ta hau jirgin-bango mai hawa da sauka zuwa hawa na biyu, unguwar masu ritaya, inda ake ɗan ganin hasken rana ta gilashi mai duhu. Ta same ta a tsakar gida tana tsince wake, surukarta na gefe tana kwashe tuwo. Suka gaisa, aka tambayi gajiya da mutan gida, sannan Barira ta ce daga hawa na tara take.

Fuskar tsohuwa ta ɗaure tamau. "Hawa na tara? Ni a sashen wanki na yi aiki, 'yar nan. Kin ɓata gida." Ta ce da surukar, "Ke, leƙa ki karɓo mini goro wajen Tabawa." Sai da ƙarar takalmin ta ɓace sannan ta jawo hannun Barira ɗaki ta saki labule.

"So kike ki tona mini asiri da tsufana? Shekara talatin da ɗaya 'ya'yana ba su sani ba. Mijina ma har ya koma ga Allah, wanki ya sani."

"Ki yi haƙuri, Inna. 'Yata ce." Ta yi bayani a gurguje, har ta kai ga yadda tsirrai ke kwanciya.

Inna Marka ta dube ta. "To wa ke gaishe su?"

"Gaishe su?"

"Innalillahi. Ba a gaishe su?" Ta warware mayafinta ta kama gefensa. "Kowace safiya idan mun shiga, mu bi layi, mu ja bakin mayafi a kansu, haka, sama-sama, mu ce kun kwana lafiya. In mun dawo daga azahar mu sake, da la'asar mu yi sallama. Zafi in ya dame mu kuma mu yi ta fifita da mafici, su ma suna samun rabonsu. Wadda ta koya mini cewa ta yi, yaron da ba a jijjiga shi ba, wuyansa ba ya tsayawa. Ɗan-sanyi ba kamar kakansa na daji ba ne, an tace shi har ya zama ɗan gata. In ba a motsa shi ba, tsawo kawai yake yi, ba ya ƙwari."

"Me ya sa ba ku rubuta ba, Inna?"

"In rubuta ina gaida wiwi? A karanta a ofis a yi dariya, magana ta fita gari? Da suka zo da na'urarsu sun tara mu sun ce ko akwai mai ƙarin bayani. Ɗaki cike da maza da 'yan jarida. Muka sunkuyar da kai, kowa tana jiran wata ta fara." Ta mayar da mayafin. "Kwanansu nawa?"

"Takwas."

Tsohuwa ta runtse ido. "Daga ranar da suka fito ake farawa, 'yar nan. Tun suna ganye biyu."

Barira ta ji wannan maganar sarai, amma ta ƙi barinta ta zauna mata a rai. Ta yi godiya a tsaye, ta fita da gudu-gudu, a ƙofa ta kusa bangaje surukar da goronta.

Sallau ya saurare ta har ƙarshe, sannan ya zauna a ƙasa, a kan tayil. Abin da ta faɗa ba baƙo ba ne a kimiyya. Kara idan iska ta lanƙwasa shi, yakan amsa da kauri, wannan tun a makaranta ya karanta. Sai dai littattafai sun ce wiwi tsiro ne mai taurin rai da ke tsayawa ko an so ko ba a so, kuma gaskiya suka faɗa game da na daji. Babu wanda ya lura cewa na hawa na tara ya yi zuriya hamsin a ƙarƙashin mayafan mata.

"Buɗe mini ƙofa, Injiniya."

"Doka ta ce sai da izinin majalisa. Sati uku ake yi."

"Kai kana da sati uku?"

Ya tashi ya ɗora tafinsa a kan makulli. Ƙofar da ba a buɗe ba tun wata bakwai ta yi nishi ta zame.

Ɗakin ba sauti, ba ƙamshi, har numfashinta ya yi mata yawa a kunne. Ta cire gyale, ta tsaya a kan layin farko. "Kun yini lafiya," ta ce cikin kunya. Ta ja bakin gyalen sama-sama, kamar yadda aka nuna mata. Tsirrai goma sha biyu suka lanƙwashe, ba su dawo ba. Ta koma layi na biyu, ba ta ma taɓa ba, ta ɗan kaɗa daga nesa. Suka bi iskar suka kwanta. Ta juya za ta ja da baya, iskar zanenta ta kwantar da wasu. Duk inda ta motsa, faɗuwa suke. Ta tsaya cak a tsakiyar ɗakin, hannu a sama, tana tsoron ko da yin ajiyar zuciya.

"Malama Barira," Sallau ya kira a hankali daga bakin ƙofa. "Dubi nan."

A kusurwar da ke jikin ƙofa akwai guda bakwai, gajeru, masu kaurin kara, suna tsaye abinsu. Ya durƙusa ya shafa robar da ke gefen ƙofar, ya ji ta tsage kamar faɗin farce. Ta nan wata 'yar iska take sato hanya daga farfajiya, duk lokacin da wani ya wuce. Kuskuren da ya tsere wa na'ura shi kaɗai ya raya wani abu a ɗakin.

Barira ta lallaɓo ta durƙusa a gabansu. Bakwai. Ta san lissafin ba sai an faɗa mata ba. Ba za a tatsi mai daga waɗannan ba, iri za a bar su su yi, a shuka irin, a jira shi ya girma. Wata goma in komai ya tafi daidai. Babu abin da za ta yi wa wata goma da kwalbar kwana goma sha biyu.

Ƙara ta tashi. A karon farko tun da aka kafa Mai-Goyo, allon bango ya yi ja. Muryar na'urar ta fito, mai daɗi, mai ladabi: "Hatsari. Akwai mutum a ɗaki. An gano ɓaraka a ƙofa, ana gyarawa." Hannun ƙarfe ya sulalo ya bi gefen ƙofar da farin danƙo, ya liƙe tsagar tsaf, ya koma wurinsa.

"Kashe ta," in ji Barira.

"In na kashe ta, fitilu da ruwa duk sun mutu. Tsofaffin kayan an narkar da su ranar biki." Ya dubi tafin hannunsa. "Na gina ta ne don kada ta buƙaci kowa."

Wayar da ke wuyan hannun Barira ta yi tsuwa. Zinatu ce, an taso makaranta.

"Umma, sun tashi?"

"Wasu sun tashi."

"Yauwa. Umma, kada ki yi faɗa. Tun ran Asabar ɗigo biyu nake sha maimakon uku, don ya kai mu. Sau ɗaya kawai na faɗi, a banɗaki, ba wanda ya gani."

Barira ta toshe bakinta da hannu har sai da ta tabbata muryarta za ta fita daidai. Ta ce mata ta ci abinci, ta zauna a ƙasa kan tabarma, kada ta hau gado, kada ta kusanci murhu.

"Yaushe za ki dawo?"

"Sai na yi musu sallamar la'asar."

Ta kashe wayar. Ta kama bakin gyalenta ta ja shi a kan tsirrai bakwai, suka lanƙwasa, suka dawo suka tsaya. A bayanta sauran suna kwance layi-layi a ƙarƙashin fitilu, bututu na ci gaba da ɗiga musu ruwa a kan lokaci. Na'urar kuma ba ta gaji ba, tana ta maimaitawa cikin ladabi cewa mutum ya fita, domin lafiyar tsirrai.