Shago Mai Lamba Arba'in da Bakwai

"Sa hannun wane ne wannan?"

Na dire takardar a kan taswirar sabuwar kasuwar da ya shekara biyu yana zanawa. Injiniya ya ɗago yana murmushi. Saura wata ɗaya bikinmu, komai na yi burge shi yake.

"Nawa ne, farin cikina. Lafiya?"

"Karanta layi na tara."

"Shago mai lamba arba'in da bakwai... an same shi a rufe sau uku... ba shi da gurbi a sabon gini." Ya ɗaga kafaɗa. "To?"

"Shagon Baba ne!"

Biro ya suɓuce daga hannunsa. Shekara uku yana zuwa ya zauna a bencin Baba cikin garin katako, bai taɓa ɗaga kai ya ga lambar ba. Shuɗiyar ƙofa kawai ya sani.

Haka ofishinsu ke aiki. Za a rushe tsohon layin masu sana'a, a gina kasuwa mai bene. Ma'aikata su bi layin a mota sau uku suna ɗaukar hoto ta taga, ƙofar da aka tarar a rufe kuwa a rubuta ba ta da mai ita. Wai sauka a ƙwanƙwasa ɓata lokaci ne.

"Amma me ya sa ya rufe?" ya tambaya.

"Yana ciki! Gadon aurenmu yake yi, ya rufe don kada in gani. Yau da takardar ta zo ya gaya min."

Ya taso da sauri. "Zan gyara, wallahi. Akwai gurbi kusa da matakala, zan saka shi ba wanda ya sani."

"Mai gyaran agogo fa, da yake kwance a asibiti? Mai ɗinki fa, da ta haihu? Su goma sha ɗaya ne."

"In na sake buɗe jerin nan, aiki zai tsaya shekara guda, kujerata ma... Mutum dubu za su ci abinci a kasuwar nan. Ki tausaya min, zumata."

Na tausaya masa kuwa, abin da ya fi ƙona min rai ke nan.

Da na je shagon, na tarar da Baba yana goge kan gadon. Na faɗa masa maganar gurbin, bai ko tsaya da aikin ba.

"Ki ce masa na gode. Shekara talatin muna raba inuwa ɗaya da mutanen nan, sai in wuce su ta bayan gida?" Ya hure garin katakon. "Ke dai ki auri mijinki, 'yata. Shago ne kawai."

Da ya yi faɗa ma da na fi samun sauƙi.

Kwana tara ina jiran Injiniya ya buɗe jerin. Kullum saƙon so yake turo min, maganar jerin ko sau ɗaya.

Ranar da motar rusau ta zo, maƙwabta suka taya Baba fito da gadon tsakiyar titi. An shafa masa fenti ko'ina, sai ƙafa ɗaya da ba a ƙarasa ba. Injiniya yana gefe da hular kwano, idanunsa jajur.

Na zare zoben baikonmu na saka masa a tafin hannu.

"Don Allah... ina son ki!"

"Na sani. Ni ma haka, shi ya sa nake kuka. Amma kwana tara ka yi da biro a hannunka."

Shuɗiyar ƙofa ta faɗi. Baba bai waiwaya ba, gadon yake karewa da rigarsa daga ƙura. Sai da idonsa ya sauka a yatsana ya saki rigar.

"'Yata," ya ce a hankali, "to gadon fa, ina za a kai shi?"