Abokin Tafiyar Baba

Ranar Alhamis da yamma aka ƙwanƙwasa ƙofa, Auta ta fito da jan biro a hannu, rabin hankalinta yana kan littattafan 'yan ajinta da ta baro a falo. Tun da safe Mama ta gaya mata baƙon Baba zai zo. A cocinsu, duk wanda ya tuba, Fasto yakan haɗa shi da wanda ya riga shi tsayuwa cikin bangaskiya, su riƙa karatu da addu'a tare. Abokin tafiya suke kiransa. Baba kuwa tsohon direba ne, wata biyu ke nan da ya ajiye kwalba bayan shekara ashirin yana sha, don haka dattijo mai furfura Auta take jira.

Sai ga dogon saurayi tsaye, garin katako a gashinsa, riƙe da Littafi Mai Tsarki da aka liƙe bangonsa da salatif.

"Sannu," ta ce, "amma ba mu kira kafinta ba."

"Ai ba kujera na zo gyarawa ba. Baba yana ciki?"

"Kai ne abokin tafiyar?" Ta dube shi sama da ƙasa. "Baban nawa fa ya haife ka."

"Haka na faɗa wa Fasto. Ya ce in tafi, ba shekaru aka aike ni in ƙirga ba."

Ya yi murmushi, ita kuma ta matsa gefe ta ba shi hanya, tana jin haushin yadda murmushin ya yi masa kyau.

Dogo ake ce masa. Daga bakin Mama ta ji cewa shi ma ya sha fama da giya tun yana ɗan makaranta, yau shekararsa bakwai da bari, shi ya sa Fasto ya zaɓe shi. Kowace Alhamis sai su zauna a benci a baranda, Baba yana karatu da yatsa a kan layi, yana gardama a kan kowace aya kamar yana gardama da fasinja. Dogo ba ya gajiya. In Baba ya manta ayar da aka ba shi, da safe Dogo zai bugo waya ya tuna masa. In ya ce ba ya jin yin addu'a, sai Dogo ya ce, "To faɗa wa Ubangiji hakan, Baba, ai ita ma addu'a ce."

Auta tana ta taga tana jin su. A idonta mahaifinta ya fara sauyawa. Mutumin da bai taɓa cewa a yi haƙuri ba a gidan nan, rannan ta ji shi a kicin yana ba Mama haƙuri, har Mama ta ƙona abin da take dafawa don mamaki. Tun ana kai musu ruwa sau ɗaya, sai Auta ta koma kai ruwa sau uku, alhali babu wanda ya ce yana jin ƙishi.

Ita ta fara neman hanya. Ta ce teburin ajinta yana rawa, Dogo ya je ya gyara. Da yamma saƙonsa ya shigo.

"Malama, teburin ya daina rawa?"

"Ya daina. Amma yanzu ƙofar aji ce ke kuka."

"Gobe zan zo. In ita ma ta warke, me za ki karya?"

"Akwai taga, Kafinta."

Kafin shekara ta zagayo babu abin da ya rage bai gyaru ba a makarantar. Ya koma kiranta sanyin idona, ita tana ce masa Kafintana, kuma duk mai ido a coci ya san inda aka dosa. Dogo ya ce shi zai fara yi wa Baba maganar aure da kansa kafin ya turo manya. Auta ko ɗar ba ta ji ba, don kullum Baba cikin yabonsa yake.

Baba ya ce a'a.

Ya faɗa ba tare da faɗa ko tsawa ba, ya tashi ya shiga ɗaki. Mama ta bi shi ta fito hannu biyu. Auta ta same shi da kanta, ta durƙusa.

"Baba, wani abu ka ji a kansa? Yana da wata ne? Ya koma sha?"

"Yaron nan ban taɓa ganin mai kirkinsa ba."

"To mene ne?"

"Na ce a'a, Auta. Tashi ki ba ni wuri."

Ta yi kuka har kanta ya yi ciwo. Amma abin da ya fi ƙona mata rai sai ranar Alhamis ya zo. Ƙarfe huɗu daidai aka ƙwanƙwasa ƙofa, ga Dogo da Littafinsa. Ya ce, "Sannu da gida, Malama," kamar wata maƙwabciya, ya wuce baranda. Mutumin da aka hana mata da mutumin da ya hana shi suka buɗe Littafi suka ci gaba daga inda suka tsaya. Ranar ko ɗigon ruwa ba ta kai musu ba.

Washegari daga makaranta ta zarce shagonsa. Yana goge wata ƙofa, ya ɗago ya ga fuskarta, ya ajiye abin hannunsa.

"Ka san dalili?" ta ce.

"Na sani."

"To faɗa mini."

"Ba zan iya ba, sanyin idona. Duk abin da aka faɗa a bencin barandarku amana ce. Ko Fasto bai ji ba."

"Ni ce fa! Ni za ka aura!"

"Ke ce. Shi ya sa nake jin zafin abin."

Ta zagaya shagon tana taka ɓawon katako, ta dawo ta tsaya a gabansa. "To ka daina zuwa. Alhamis biyu kawai, ya ji a jikinsa. Ba zai iya ba sai da kai, kowa ya sani."

Dogo ya ce, "In na daina zuwa don ya hana ni ke, ashe tun farko ba don Ubangiji nake zuwa ba. Kuma ƙafarsa ba ta gama tsayuwa ba, Auta. Ba zan janye hannuna ya faɗi don in samu mata ba."

"To sai ka aure shi!" ta ce, ta fice ta bar masa ƙofa a buɗe.

Ana cikin haka mai kemis ɗin bakin titi ya fara sallama da Auta. Mutumin kirki ne, yana cikin ƙungiyar mawaƙan coci, sai dai hirarsa ba ta wuce hawan jini da amfanin shan ruwa da safe. Tsarabarsa ta zance ma ƙwayoyin ƙarin jini ce. Baba ya karɓe shi hannu bibbiyu, har da ba shi kujerarsa. Auta ta riƙa fitowa tana zama da shi da gangan ranar Alhamis, inda za a hango su daga baranda. Dogo zai wuce ya gaishe su da ladabi, mai kemis ya ba shi shawara a kan ƙurar katako da ciwon ƙirji, shi kuma ya yi godiya. Ita kuwa ji take kamar ta jefe su duka da takalmi.

Da ta gaji ta tura wa Dogo saƙo.

"Mai kemis ya ce ƙarshen wata zai turo iyayensa. Na dai faɗa maka."

Sai bayan awa biyu amsa ta zo.

"Na ji, sanyin idona. Tun safe na yanka katako uku ba daidai ba. Ina son ki, ban taɓa son wata haka ba, kuma in kika tafi ban san yadda zan yi ba. Amma ba zan sayi aurenki da sirrin mahaifinki ba. Ina addu'a."

Ta wurga wayar kan gado. Addu'a! Ita ma ai tana yi, sai dai tata ta koma ƙorafi. Takan ce, Ubangiji, duk samarin garin nan ka rasa wanda za ka ba ni sai mai taurin kai irin na Baba? Mako uku ba ta amsa masa ko saƙo ɗaya ba, amma tana karanta kowanne har sai ta haddace.

A wannan tsakanin ne Fasto ya kira Baba, ya ce lokaci ya yi da shi ma zai riƙe hannun wasu, ya haɗa shi da sababbin tuba biyu masu fama da kwalba. Baba ya dawo gida yana mita, wai shi da ko littattafan Sabon Alkawari bai iya jerawa ba. Da aka bincika, Dogo ne ya ba da sunansa. Auta ta ce a ranta, wannan mutum ko dai waliyyi ne ko kuwa ba shi da zuciya. Baba dai ya fara fita kowace Talata, kuma ya koma bugun waya da safe yana tuna wa mutane aya.

Wata Asabar da rana suna cin abinci aka kira shi. Ya bar cokali a kwano ya fita da sauri. Sai kusan faɗuwar rana ya dawo, rigarsa duk ta ɓaci, warin giya da amai suka riga shi shigowa falo. Mama ta dafe bango. Auta ta san warin nan tun tana ƙarama.

"Ba ni ba ne," in ji Baba. "Kuma kar ku tambaye ni ko wane ne, amana ce."

Yana faɗin kalmar fuskarsa ta sauya, kamar shi ma yanzu ya ji ta. Bai je ya sauya riga ba. Ya zauna a bakin kujera ya ce su zauna.

"Wata biyar bayan baftismata na faɗi," ya ce. "Da rana tsaka, a bayan tasha. Ba ku sani ba. Dogo ne ya nemo ni, ya ɗauke ni a kafaɗa har shagonsa. Ya wanke ni da hannunsa, ya ba ni kayansa na sa. Na yi kuka a gabansa kamar yaro. Da na dawo gida na ce muku a shagon Dogo na yini." Ya share fuskarsa da tafin hannu. "To ki gaya mini, Auta, yaya zan zauna a kujerar suruki, wanda ya wanke mini amai ya zo ya durƙusa yana gaishe ni? Na ɗauka duk sanda ya dube ni abin da yake gani ke nan. Mai kemis bai san komai ba, shi ya sa na fi sakewa da shi."

Baba ya ci gaba.

"Yau na wanke wani. Ina wanke shi ina sauraron zuciyata, ina jira in ji raini. Ban ji ba. Ƙaunarsa ma na ji ta ƙaru, kamar ƙanena. A nan na gane ashe haka yaron nan yake kallona tun ranar, ni ne na kasa kallon kaina."

Hawaye suka zubo wa Auta, na tausayi haɗe da na haushi. "Wata huɗu, Baba! Wata huɗu ina gaba da bawan Allah a kan laifin da bai yi ba!"

"Ki gafarce ni, 'yata."

Mama ta share ido da bakin zani ta ce, "Ni da na yi shekara ashirin ina wanke maka, ba ka taɓa jin kunyata ba, sai ta kafinta." Baba ya yi dariya yana kuka, sannan ya ce a kira masa yaron.

Auta ta ɗauki waya ta rubuta wa Dogo.

"Kafintana, Baba ya faɗa mana da bakinsa. Na ci zalinka, ka yafe mini. Ka zo yanzu, yana kira."

"Na yafe tun kafin ki tambaya. Baba lafiya yake? Ya ci abinci?"

Ta dubi saƙon ta girgiza kai. An ba shi mata, shi kuma tambayarsa ko Baba ya ci abinci. Ta san da wannan halin za ta zauna har tsufa, kuma ta yarda.

Baba da kansa ya je ya ba mai kemis haƙuri, mutumin ya karɓa da mutunci, har shi ya ja waƙa ranar bikin. Bayan wata uku aka ɗaura aure, coci ya cika har waje. Da Fasto ya gama, ya ce mahaifin amarya ya zo ya sa albarka. Ango da amarya suka durƙusa, Baba ya ɗora hannu ɗaya a kan Auta, ɗaya a kan Dogo.

"Ubangiji ya albarkace ku, ya kiyaye ku," ya ce. "Ya ba ku gida mai salama da 'ya'ya masu tsoronsa. Ya sa duk wanda ya faɗi ya sami hannu a ƙofarku." Muryarsa ta karye, hawaye suka gangaro har gemunsa a gaban surukinsa da dukan jama'a, bai kawar da fuska ba. Ya sunkuya ya kama hannun Dogo ya ɗaga shi tsaye. "Tashi, ɗana," ya ce. "Allah ya yi maka albarka."

Ikilisiya duka ta amsa da amin.